Ina fasaha ta tsaya, ina batsa ta fara a hotunan yara?

A farkon shekarar 2025 'yan sanda suka shiga wani gidan baje kolin fasahar zamani da ke Fort Worth, a jihar Texas ta Amurka, suka kwashe wasu hotuna na fitacciyar mai ɗaukar hoto Sally Mann, bayan da wasu jami'an yankin suka yi ƙorafin cewa hotunan cin zarafin yara ne. Hotunan ba sababbi ba ne, domin ta ɗauke su ne fiye da shekara 30 da suka wuce a gonar iyalinta da ke Virginia, kuma yaran da ke ciki 'ya'yan cikinta ne su uku, wani lokaci sanye da tufafi, wani lokaci kuma tsirara suna wasa a bakin kogi. A watan Maris na shekarar, kwamitin 'yan ƙasa da ke tantance ko akwai hujjar gurfanar da mutum ya ƙi amincewa a tuhumi kowa. Abin da ya ɗaure wa mutane da yawa kai shi ne yadda hoton da aka buga a littafi tun 1992, aka kuma rataya shi a manyan gidajen fasaha na duniya, zai wayi gari a ɗakin ajiyar shaida na 'yan sanda, sa'an nan a sake shi ba tare da wata kotu ta ce laifi ne ko ba laifi ba.

Ma'anonin da ake cakuɗawa

Abubuwa uku ne ake yawan haɗawa a wannan muhawara, alhali doka ta raba su. Na farko shi ne tsiraici, wato bayyanar jiki ba sutura, kuma a mafi yawan dokokin ƙasashen Yamma wannan shi kaɗai bai isa ya mayar da hoto laifi ba, in ba haka ba da littattafan koyon likitanci da hoton wankan jariri duk sun shiga haramci. Na biyu shi ne batsa a ma'anarta ta gama-gari, wadda ta shafi manya, kuma a can ne ake auna abu da irin ɗa'ar da al'umma ta yarda da ita. Na uku shi ne hoton da ya mayar da yaro abin sha'awa, wanda hukumomin kare yara a yanzu suka fi kira hoton cin zarafin yara, saboda suna ganin hoton kansa shaida ce ta laifin da aka aikata a kan wani ɗan Adam mai rai.

Shi kuma "yaro" a nan ba ya nufin ɗan ƙarami kaɗai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan ma'auni a dokokinsu na hotuna, har da waɗanda shekarun aure ko na amincewa da mu'amala suka yi ƙasa da haka a cikinsu. Birtaniya, alal misali, ta fara da shekara 16 a dokar kare yara ta 1978, sa'an nan ta ɗaga zuwa 18 a dokar laifukan jima'i ta 2003.

Yadda kotunan Amurka suka shata iyakar

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta kafa ma'aunin gane batsa a shari'ar Miller da jihar California, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗansa uku shi ne cewa aikin, idan aka dube shi gaba ɗaya, ya zama ba shi da wata ƙima ta haƙiƙa ta adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya. Wannan ya bai wa masu fasaha mafaka mai faɗi, tunda duk wanda aka tuhuma zai iya kawo masana su shaida cewa aikinsa yana da daraja. Bayan shekara tara, a shari'ar jihar New York da Ferber ta 1982, kotun ta ce wannan mafaka ba ta aiki idan yaro na gaske aka yi amfani da shi wajen nuna aikin jima'i. Hujjarta ita ce yaron da aka cutar wajen ɗaukar hoton bai amfana da komai ba don an ce hoton yana da kyau, kuma hoton zai ci gaba da yawo a matsayin dawwamammen tarihin abin da aka yi masa. Daga nan hankalin doka ya tashi daga kan mai kallo da tarbiyyarsa ya koma kan yaron da ke cikin hoton, kuma wannan sauyi shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Sai dai hukuncin ya bar wani giɓi. Hoton da ke nuna aikin lalata a fili ba ya buƙatar muhawara, amma ina matsayin hoton da yaro yake tsaye ko zaune shi kaɗai ba ya yin komai? A 1986 wata kotun tarayya a California, a shari'ar Dost, ta jera tambayoyi shida da alƙalai ke amfani da su har yau: ko hoton ya mai da hankali ne kan al'aurar yaron, ko wurin da aka ɗauke shi yana nuni da jima'i, ko an sa yaron tsayuwa ko sutura da ba ta dace da shekarunsa ba, ko yana sanye da kaya ko tsirara yake, ko yanayinsa yana nuna tayin jima'i, da kuma ko an tsara hoton ne don ya motsa sha'awar mai kallo. Ba dole ne duka shidan su cika ba. Saboda haka hoton yaro tsirara zai iya kuɓuta, hoton yaro mai sutura kuma ya faɗa cikin laifi, kamar yadda wata kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a shari'ar Knox a 1994, inda yaran ke sanye da kaya amma kyamara ta yi ta bin sassan jikinsu.

Tambaya ta shida ita ce ta fi shan suka daga masana shari'a, domin ba ta fayyace idon wa ake nufi ba. Idan idon mai lafiyayyen tunani ne, kusan babu hoton yaro da zai motsa shi, idan kuma idon mai muguwar ɗabi'a ne, to hoton yara a filin ƙwallo ma bai tsira ba. Wasu sun ƙara da cewa ma'aunin yana tilasta wa alƙali da ɗan sanda su dinga kallon yaro da irin idon da ake son a hana, suna laluben sha'awa a inda iyaye ba su taɓa hango ta ba.

Niyyar mai hoto: inda ƙasashe suka rabu

Birtaniya ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta haramta hoton yaro na "rashin ɗa'a" ba tare da ta fassara abin da take nufi ba, ta bar wa masu taimaka wa alƙali su auna da mizanin kamun kai da jama'a suka sani. A shari'ar Graham-Kerr ta 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta ce niyyar wanda ya ɗauki hoton ba ta shiga cikin tantance ko hoton na rashin ɗa'a ne, hoton kansa kawai za a duba. Wannan yana da fuska biyu: mai mugun nufi ba zai fake da cewa fasaha yake yi ba, amma shi ma mai fasahar gaske ba shi da wata kariya ta musamman da doka ta tanadar masa. A aikace, masu gabatar da ƙara ne suka zama masu yanke hukunci tun kafin a je kotu. A 2001 'yan sanda sun je gidan baje koli na Saatchi a Landan kan hotunan da Tierney Gearon ta yi wa 'ya'yanta, a 2007 kuma aka ɗauke wani hoton Nan Goldin daga cibiyar Baltic da ke Gateshead, kuma a duka biyun ba a gurfanar da kowa ba.

Kanada ta taɓa amincewa da ƙimar fasaha a matsayin kariya mai faɗi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙolinta a shari'ar Sharpe ta 2001, amma majalisa ta taƙaita ta a 2005, ta ce sai aikin yana da halastacciyar manufa kuma ba ya jefa yara cikin haɗarin da ya wuce kima. A Ostareliya rikicin ya fi zafi. A watan Mayu na 2008 'yan sanda sun kwashe hotunan Bill Henson daga wani gidan baje koli a Sydney, cikinsu har da na wata yarinya 'yar shekara 13 da aka ɗauka da yardar iyayenta, Firaministan lokacin Kevin Rudd kuma ya fito ya kira su abin ƙyama. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta ƙasar ba ta ga batsa a cikinsu ba, kuma ba a tuhumi Henson ba, amma a 2010 jihar New South Wales ta cire kariyar manufar fasaha daga dokarta.

Idan aka jera waɗannan shari'o'i tare da na 1990, lokacin da aka wanke daraktan cibiyar fasaha ta Cincinnati, Dennis Barrie, kan baje hotunan Robert Mapplethorpe, da kuma samamen da hukumar FBI ta kai ɗakin aikin Jock Sturges a San Francisco ba tare da an kai ga tuhuma ba, za a ga wani tsari yana maimaita kansa. Sanannun masu fasaha kusan kullum suna kuɓuta a gaban shari'a, amma bayan kowace taƙaddama dokoki da ƙa'idojin cibiyoyi suna ƙara tsauri.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare irin waɗannan ayyuka suna cewa jikin yaro ba batsa ba ne a kan kansa, kuma tarihin zane na Turai cike yake da surorin jarirai da yara tsirara, har a bangon coci-coci. A ganinsu, al'ummar da ta kai ga ɗaukar kowane hoton yaro a matsayin abin tuhuma ta riga ta miƙa wuya ga tunanin masu lalata, kuma hukuma ba ta da ƙwarewar raba kyakkyawan aiki da mummuna. Misalin da suka fi kafa hujja da shi shi ne hoton yaƙin Biyetnam na ranar 8 ga Yuni 1972, wanda ke nuna Phan Thi Kim Phuc, 'yar shekara tara, tana gudu tsirara a kan hanyar ƙauyen Trang Bang bayan wutar bam ta cinye tufafinta ta ƙona bayanta. Kamfanin dillancin labarai na AP yana da ƙa'idar hana tura hoton tsiraici, amma editocinsa suka tsallake ta saboda nauyin labarin. A 2016 Facebook ya goge hoton daga shafin wani marubuci ɗan Norway, ya kuma goge shi daga shafin Firaministar ƙasar Erna Solberg, kafin matsin lamba ya sa ya janye matakin.

Ɗaya ɓangaren kuma yana cewa wannan misali ya yi sauƙi da yawa, domin babu wanda ya tsara wa Kim Phuc tsayuwa, kuma ba a ɗauki hoton don a sayar da kyawun jikinta ba. Matsalar tana ga hoton da babba ya shirya, ya zaɓi haske da wuri da yanayin fuska, ya kuma karɓi kuɗi da suna a kai. A nan tambayar da suke yi ba ta kyawun hoton ba ce, ta yarda ce: yaro zai iya fahimtar abin da ake nufi da hotonsa ya zauna a duniya har ya tsufa? Idan kuma iyaye ne suka amince a madadinsa, me zai faru idan iyayen su ne masu cin riba?

Abin da yaran suka ce bayan sun girma

Wannan shi ne ɓangaren da aka daɗe ba a saurara ba, kuma shi ne ya fi sauya tunanin jama'a. Brooke Shields, 'yar fim ɗin Amurka, tana da shekara 10 a 1975 lokacin da mai hoto Garry Gross ya ɗauke ta a bahon wanka da kwalliyar manyan mata, bisa takardar izini da mahaifiyarta ta sa wa hannu. Da ta girma ta nemi a hana ci gaba da amfani da hotunan, amma a 1983 babbar kotun jihar New York ta ce yardar uwar ta ɗaure 'yar, ba ta da ikon warwarewa. Daga baya wani mai fasaha, Richard Prince, ya sake ɗaukar ɗaya daga cikin hotunan ya mayar da shi nasa aikin, kuma a 2009 gidan Tate Modern na Landan ya sauke shi daga bango bayan 'yan sanda sun yi gargaɗin cewa yana iya saɓa doka. Hoto guda, kenan, ya wuce daga kasuwanci zuwa kotu zuwa gidan fasaha zuwa hannun 'yan sanda, kuma a duk matakan nan mai jikin ce kaɗai ba ta da ta cewa.

A Faransa, Eva Ionesco ta kai ƙarar mahaifiyarta Irina, wadda ta yi ta ɗaukarta hotunan da suka mayar da ita abin sha'awa a shekarun 1970 tun tana ƙarama, hotunan da mujallu da gidajen fasaha suka karɓa hannu bibbiyu a lokacin. Lauyan uwar ya kafa hujja da cewa zamanin ya fi sassauci, amma a 2012 wata kotu a Paris ta umarci a biya Eva diyyar Yuro 10,000 a kuma miƙa mata asalin fina-finan hotunan, sa'an nan a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara diyyar ta kuma hana yaɗa su ba da izininta ba.

Ba duka labaran ne suka tafi haka ba. 'Ya'yan Sally Mann sun girma suna kare aikin mahaifiyarsu, ita kuma ta sha faɗin cewa ta ba su damar cire duk hoton da ba sa so kafin a buga littafin, kodayake ta bayyana daga baya cewa wani mutum ya addabi iyalin da bibiya saboda hotunan. Ita kanta Kim Phuc ta ce ta taso tana ƙin hoton nata saboda kunya, kafin ta karɓe shi a matsayin makamin kiran zaman lafiya. Abin da waɗannan shaidu suka nuna shi ne babu wanda zai iya sanin yadda yaro zai ji bayan shekara 20, kuma a mafi yawan wurare doka ba ta ba shi hanyar janye yardar da wani ya bayar da sunansa ba.

Intanet ta rushe bangon gidan baje koli

Yawancin hujjojin kare fasaha sun dogara ne da muhalli: hoton yana cikin littafi mai gabatarwa, ko a ɗakin da mutum ya sayi tikiti ya shiga yana sane da abin da zai gani. Da zarar an ɗauki hoton da waya an ɗora a intanet, muhallin ya ɓace, sai hoton tsurarsa, wanda kowa zai iya yankewa ya ajiye tare da abin da ya ga dama. Wannan ne ya sa kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yake cire hotunan tsiraicin yara ko da iyaye ne suka ɗora su da kyakkyawar niyya, kuma ya sa manyan kamfanoni suke amfani da manhajoji irin su PhotoDNA, wadda Microsoft ya samar a 2009, don gano sanannun hotunan cin zarafi su kai rahoto ga hukuma.

Na'ura kuwa ba ta san niyya ba. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco da ya ɗauki hoton kumburi a al'aurar ɗansa don ya tura wa likita, Google ya rufe masa akwatin saƙo da hotuna da layin waya ya kuma kai rahotonsa, 'yan sanda suka bincika suka ce babu laifi, amma kamfanin bai mayar masa da asusun ba. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lissafin, domin yanzu ana iya ɗaukar fuskar yarinya daga hoton makaranta a haɗa ta da jikin da ba nata ba. Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2002 ba za a haramta hoton da babu yaro na gaske a cikinsa ba bisa hujjar Ferber, amma Birtaniya ta haramta hotunan da aka ƙirƙira su yi kama da na gaske tun 1994.

Abin da ya shafi iyaye da masu sana'ar hoto a nan gida

Gidajen baje kolin hotunan tsiraici ba abin da aka sani ba ne a ƙasar Hausa, inda kunya da hukuncin suturce al'aura suka riga suka rufe wannan ƙofa, kodayake malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ƙaramin yaro da wanda ya doshi balaga. Amma wayar da ke hannun mutum a Kano ko Maraɗi tana ƙarƙashin ƙa'idojin kamfanonin nan ne, ga kuma dokokin ƙasa. A Najeriya sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta haɗawa da yaɗawa da mallakar hotunan batsa na wanda bai kai shekara 18 ba, tare da ɗaurin da zai kai shekara 10 ga mai haɗawa ko yaɗawa. Wannan yana da muhimmanci ga masu tura irin waɗannan bidiyoyi a zaurukan WhatsApp da sunan faɗakarwa ko tona asirin wanda ya aikata, domin turawar kanta yaɗawa ce a idon doka, kuma tana ƙara wa yaron da abin ya shafa tozarci. Hanyar da ta dace ita ce kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ba tare da an tura wa kowa ba.

Akwai kuma wuraren da ba su kai laifi ba amma tambayar yarda tana nan daram: hoton jariri a bahon wanka da uwa ta ɗora a shafinta, bidiyon barkwanci da ake sa ƙaramar yarinya ta yi rawa ko kalaman manya don a tara mabiya a TikTok, da hotunan almajirai ko yara masu tamowa ba riga da ake yaɗawa don neman tallafi. Faransa ta fara taɓa wannan fage da dokar 2020 da ta tsara aikin yara 'yan ƙasa da shekara 16 masu fitowa a bidiyon intanet, wadda ta tanadi a ajiye musu kuɗin da suka samu ta kuma ba su damar neman a goge bidiyon, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 ta sanya kare hoton yaro cikin nauyin da ke kan iyaye, har alƙali zai iya hana ɗaya daga cikinsu ɗora hoton ɗansu idan ɗayan bai yarda ba. Ga mai ɗakin hoto ko mai shirya fim da ke aiki da yara, abin da cibiyoyi da dama suka koma yi bayan rikicin Henson shi ne rubutacciyar yardar iyaye, da kasancewar wani babba daga dangin yaron a wurin ɗauka, da bayani dalla-dalla kan inda hoton zai fita, sa'an nan a tambayi yaron shi kansa, a kuma dakata idan ya ce ba ya so.